Ko zanen fentin ruwa zai iya ceto ungulu da gauraka?

A ƙarshen watan Yulin 2025 jami'an Hukumar Kwastam suka kama tsuntsaye masu rai sama da 1,600 a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas, ana shirin fita da su zuwa Kuwait ba tare da takardun izini ba. Kanari ne da ƙananan akun nan masu doguwar jela da ake kira tsirya. Labarin ya zaga duniya na 'yan kwanaki, sannan ya lafa. Amma akwai wata asarar da ta fi wannan girma wadda ba ta samu ko da 'yan kwanakin ba, domin a hankali ta auku: ungulu ta ɓace daga yawancin mayankan garuruwanmu. Duk wanda ya haura shekara arba'in a Kano, Zariya, Katsina ko Sakkwato ya san zamanin da ba a raba kwata da ungulu, suna jere a kan rufin kwano da rassan tsamiya suna jiran mahauta su gama aiki. A yau akwai matasan da suka yi aure har suka haihu ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba, sai dai su ji sunanta a karin magana.

A daidai wannan lokaci ne masu fafutukar kare halittu a sassan duniya ke ƙara dogaro da wata tsohuwar dabara, wato zana tsuntsayen da ke dab da ƙarewa da fentin ruwa, a baje kolin zanen, a buga shi a kalanda da littattafan yara, ko a sayar da shi domin tara kuɗi. An fi ganin haka a ranakun da aka keɓe, kamar Ranar Ungulu ta Duniya da ake yi a Asabar ɗin farko ta watan Satumba, da Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura da ake yi sau biyu a shekara, a Mayu da Oktoba.

Mutumin da ke fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta yana da hujjar tambaya: me takarda da buroshi za su hana mafarauci ko mai saka guba? Tarihin wannan sana'a ya ba da amsa mai fuska biyu. Sau da yawa zane ya raka tsuntsu har bakin kabari bai hana shi shiga ba. A wasu lokutan kuma ya taimaka an ceto shi. Abin da ya raba biyun shi ne ko an ɗaura wa zanen wani abu mai nauyi, kamar kuɗi, doka ko fili, ko kuwa an bar shi a bango yana jiran yabo.

Me ya sa fentin ruwa?

Fentin ruwa launi ne da ake jiƙawa da ruwa a shafa a kan takarda mai kauri. Yana bushewa cikin mintuna, ba ya buƙatar ɗaki na musamman, kuma akwatinsa da buroshinsa suna shiga aljihun riga. Wannan ne ya sa tun ƙarni biyu da suka wuce ya zama abokin tafiyar masu nazarin tsuntsaye, domin tsuntsu ba ya tsayawa ya jira mai zane. Launin kuma shara-shara ne, ana iya ɗora wani a kan wani ba tare da na ƙasa ya ɓace ba, kuma haka gashin tsuntsu yake, hawa-hawa.

Wani zai ce ai yanzu kowa na da kyamara a wayarsa. Gaskiya ne, amma hoto yana ɗaukar tsuntsu ɗaya a daƙiƙa ɗaya, cikin inuwa ko cikin ƙura, wataƙila ya juya baya. Mai zane kuwa yana tara abin da ya gani a jikin tsuntsaye da yawa ya haɗa su a siffa ɗaya, ya fito da alamar da ke bambanta wannan jinsi da mai kama da shi. A 1934 wani Ba'amurke mai zane, Roger Tory Peterson, ya fitar da ɗan littafin gane tsuntsaye wanda ya sanya 'yar kibiya tana nuna irin wannan alama a jikin kowane tsuntsu. Kafin wannan lokaci hanyar da masana suka fi amincewa da ita wajen tantance tsuntsu ita ce su harbo shi su duba a hannu. Bayan littafin, dubban mutane suka koyi gane tsuntsu daga nesa da tabarau mai jawo nesa kusa. Har gobe manyan littattafan gane tsuntsayen Afirka ta Yamma, irin wanda Nik Borrow da Ron Demey suka fitar a 2001, da zanen hannu aka cika su.

Ke nan aikin zane na farko shi ne koya wa ido gani, da ba wa abin da aka gani suna. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin mutum ba ya kewar abin da bai san sunansa ba.

Lokacin da zane ya zama takardar shaidar mutuwa

Babu wanda ya kai John James Audubon suna a wannan fage. Tsakanin 1827 da 1838 aka buga zane-zanensa 435 na tsuntsayen Amurka, kowane tsuntsu a daidai girmansa na zahiri, aka kuma bi kowane shafi da fentin ruwa da hannu. A watan Disambar 2010 an sayar da kwafi ɗaya na wannan aiki a Landan a kan fam miliyan 7.3. Sai dai Audubon harbe tsuntsayen yake yi, ya tokare su da waya, sannan ya zana. Daga cikin waɗanda ya zana akwai wata kurciyar daji da ke tafiya tari guda, wadda yawanta ya kai biliyoyi har takan rufe hasken rana idan ta taso. An yi ta harbinta ana cika taragun jirgin ƙasa ana kaiwa kasuwannin birane, ana kuma sare dazukan da take kwana. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumbar 1914. Shekara huɗu bayan haka, a wannan gida dai, na ƙarshen da ke hannun mutane daga wani ƙaramin aku na Amurka ya mutu, shi ma Audubon ya zana danginsa. Zanen ya yi kyau ƙwarai, masu kuɗi sun saya, amma tsuntsayen sun tafi.

Tun kafin Audubon ma an ga irin haka a fadar Musulunci ta Indiya. Sarkin Mughal Jahangir yana da wani gwanin mai zane, Ustad Mansur, wanda yakan sa shi ya zana tsuntsaye da dabbobin da aka kawo fada. Akwai wani zane da ake dangantawa da shi, na wajen 1625, wanda ya nuna wani tsuntsu marar tashi na tsibirin Mauritius da Turawa suka sa wa suna dodo, ba dodon tatsuniya ba. Kafin ƙarshen wancan ƙarni tsuntsun ya ƙare ƙaƙaf. Masana na ɗaukar wannan zane a matsayin ɗaya daga cikin mafiya inganci da aka yi daga tsuntsun yana da rai. Amfaninsa a yau shi ne ya nuna mana abin da aka rasa.

Abin da ya tsayar da kisan tsuntsaye a Amurka daga baya ya zo ne ta hanyar kasuwa da majalisa. A 1896 wasu mata biyu na birnin Boston, Harriet Hemenway da Minna Hall, suka shiga lallashin matan attajirai su daina sayen hulunan da ake yi wa ado da gashin tsuntsaye. Ƙungiyar da suka kafa sunan Audubon ta ɗauka, kuma irin wannan matsin lamba ne ya kai ga dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918. Sunan mai zane ya taimaka wajen tara jama'a, amma ƙauracewa kaya da kafa doka ne suka yi aikin.

Inda zane ya haifi kuɗi da fili

Misali mafi ƙarfi na zanen da ya yi tasiri shi ne kan sarkin agwagwa na Amurka. A farkon shekarun 1930 fari da busar da fadamu domin noma sun rage agwagin daji ƙwarai. A 1934 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa duk mai farautar tsuntsayen ruwa da ya kai shekara 16 ya sayi wani kan sarki na musamman a kowace shekara. Jay Darling, mai zanen barkwanci a jarida, shi ya zana na farko, aka sayar da shi dala ɗaya. Tun 1949 ake buɗe gasa ga masu zane domin zaɓen hoton da za a buga, yanzu kuma farashinsa dala 25 ne. Daga kowace dala ɗaya, santi 98 na tafiya kai tsaye wajen saye ko hayar fadamu domin a killace su. Kuɗin da aka tara ya haura dala biliyan ɗaya, filin da aka kare kuma ya kai kimanin eka miliyan 6. Mutane da yawa da ba su taɓa riƙe bindiga ba suna sayen kan sarkin saboda kyan zanensa.

Abin lura a nan shi ne kyan zanen ba shi kaɗai ya tara wannan dukiya ba. Doka ce ta tilasta saye, ta kuma ɗaure kuɗin ta yadda ba za a karkatar da shi zuwa wani aiki ba. Zanen ya sa harajin ya zama abin alfahari maimakon abin ƙorafi.

Misali na biyu shi ne Sir Peter Scott na Birtaniya, wanda ya fara rayuwa a matsayin mafarauci kuma mai zanen agwagi da dinya. A 1946 ya kafa cibiyar kare tsuntsayen ruwa a Slimbridge, a gaɓar kogin Severn. A farkon shekarun 1950 wata dinya ta tsibiran Hawai da ake kira nene ta ragu zuwa kimanin 30 a duniya. Aka kai 'yan kaɗan Slimbridge, aka kiwata su suka hayayyafa, aka fara mayar da su gida a shekarun 1960, tare da ƙoƙarin da hukumomin Hawai ke yi a can. A yau sun haura 3,000. Scott yana cikin waɗanda suka kafa asusun WWF a 1961, kuma shi ya tsara tambarinsa. A 1964 ya lura cewa wasu manyan tsuntsayen ruwa farare masu dogon wuya, da ke zuwa Slimbridge daga arewacin Rasha, kowane yana da zubin baƙi da rawaya a bakinsa wanda ya bambanta da na ɗan'uwansa. Sai ya fara zana bakin kowane ɗaya yana ba shi suna. An ci gaba da wannan aiki shekara da shekaru, har aka tara bayanan dubban tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya: wa ya dawo, da wa ya haɗu, 'ya'ya nawa ya zo da su. A hannun Scott buroshi ya zama kayan bincike, sunan da ya yi da zane kuma ya zama hanyar samun fili da masu ba da tallafi.

Halin da ake ciki a gida

Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900. A cikinsu wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ba a so a gani a bangon falo. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya nau'in ungulu huɗu na Afirka a mataki na ƙarshe kafin ƙarewa, ciki har da ƙaramar ungulun nan ta kwata da muka saba da ita. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a wannan tsakani ya nuna cewa nau'in ungulu takwas na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30. Daga mace-macen da aka iya gano dalilinsu, guba ce ta jawo kashi 61, cinikin sassan jiki domin magani da tsibbu kuma kashi 29. Binciken kasuwannin Afirka ta Yamma ya nuna cewa Najeriya ce kan gaba a wannan ciniki, Jamhuriyar Benin na bin ta. A 2020 an tsinci gawar ungulu sama da 2,000 a Gini Bisau, an kashe su da guba, da yawa an sare kawunansu. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe a yini guda sai an yi shekaru ba a mayar da shi ba.

Su wa ke sayen kan ungulu? Masu neman sa'ar kasuwa, da masu neman ƙarin girma a ofis, da masu neman kujerar siyasa, da 'yan caca, saboda camfin cewa tsuntsuwar da ke hango mushe daga nesa za ta sa mutum ya hango abin da ke tafe. Wato masu sayen ba a ƙauye kaɗai suke ba. Suna cikin birni, a rumfuna da ofisoshi, kuma kuɗinsu ne ke tura mafarauci har ƙasashen maƙwabta tunda ta gida ta yi wuya.

Indiya ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan rashin ungulu. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka fara zubewa, wasu nau'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka tabbatar cewa maganin diclofenac da ake yi wa shanu ne ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu, aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi, kuma ruwan cikinta na kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. A ƙasar da mahauta ke zubar da ragowar yanka a buɗaɗɗen fili, wannan magana ce ta lafiyar jama'a.

Gauraka kuma kyansa ne ya jawo masa. Ana kiran sa tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma da wuya a gan shi a dajin ƙasar yanzu, sai 'yan ƙalilan a yankin Tafkin Chadi. An daɗe ana kama shi ana kaiwa gidajen sarauta da na attajirai domin ado, inda ba kasafai yake hayayyafa ba, fadamun da yake sheƙa kuma sun koma gonaki. Shi ma aku mai toka-toka da jar jela, tun 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, amma fasa-ƙwaurinsa bai tsaya ba.

Sai kuma maganar muhalli. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa Jigawa da Yobe, masauki ne ga nau'in tsuntsaye sama da 300, ciki har da masu ƙetaro Sahara daga Turai a lokacin sanyi. Tafkin Nguru ne wuri na farko da Najeriya ta sanya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliyar da ke ciyar da dausayin ya sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga takura tare da tsuntsayen.

Abubuwan da za su iya hana zane tasiri a nan

Cikas na farko shi ne son kyakkyawa. Mai zane da mai saye duk sun fi karkata ga tsuntsu mai launi. Idan aka bar wa kasuwa zaɓi, gauraka da aku za su cika bango, ungulu ta rasa wuri. Akwai ma haɗarin cewa kyakkyawan zanen gauraka ya ƙara wa wani attajiri sha'awar mallakar mai rai a farfajiyar gidansa. Zanen da bai zo da bayanin cewa kamawa ce ke ƙarar da tsuntsun ba, talla ce kawai ga dillalai.

Na biyu shi ne wurin da ake baje kolin da harshen da ake magana. Nunin zane a otal ɗin Abuja ko Legas, da bayani cikin Turanci da sunayen Latin, yana isa ne ga waɗanda tuni suka yarda. Mafarauci da ɗan magori da mahauci ba sa zuwa can. Alhali Hausa na da arzikin sunayen tsuntsaye: shamuwa mai albishir da damina, balbela, zalɓe, burtu, cilakowa, carki, tuje, kirinjijiya, borin tunke. Yaran birni da yawa ba za su iya haɗa ko uku daga waɗannan sunaye da siffarsu ba. Sunan na mutuwa tare da tsuntsun.

Na uku shi ne matsayin addini a kan zana abu mai rai, wanda ba a isa a tsallake shi a Arewa ba. Malamai sun yi saɓani a kai. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya shafi siffa mai jiki cikakkiya wadda ke da inuwa, zanen da ke shafe a takarda kuwa bai kai ga haramun ba, yayin da wasu malaman suka tsananta a kan duka biyun. Duk mai son ya kai irin wannan aiki makarantu da kasuwanni ya kamata ya fara zama da malaman wurin, ya bayyana cewa manufar ilimi ce da hana ɓarna. Malaman nan kuma su ne suka fi kowa ƙarfin murya a kan camfin da ke sa a sayi kan ungulu.

Na huɗu shi ne manomi. A Kebbi, Jigawa, Yobe da Borno, idan aka ce tsuntsu, abin da ke fara zuwa zuciyar mai gonar shinkafa ko gero shi ne jan baki, wanda ke share gona a yini ɗaya. Wanda ya je masa da hoton tsuntsu yana roƙon tausayi ba tare da ya bambanta mai ɓarna da mai amfani ba, ba za a saurare shi ba. A nan ma zane na da rawar takawa, domin shi ne zai nuna wa manomi da mai feshi cewa shamuwa da balbela masu cin fara da ƙwari ne, kuma maganin da ake fesa wa jan baki ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe.

Abin da za a ɗaura wa zanen

Ba a rasa kayan aiki ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin mafiya tsufa a ƙasar nan, kuma daga makarantar da ta haife shi ne ƙungiyar matasan masu zane ta 1958 ta fito, wadda ta sauya fuskar zanen zamani a Najeriya. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke aiki da Jami'ar Jos tana horar da masana daga sassan Afirka ta Yamma, kuma ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da 'yan sa-kai ke tattara wa bayanai. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta yi aiki da masu maganin gargajiya domin su koma ga tsirrai a madadin sassan ungulu. Akwai kuma masu zanen allon shaguna da na bayan manyan motoci, waɗanda tuni suka saba zana mikiya da ɗawisu, kuma aikinsu na zaga ƙasa fiye da na kowane ɗakin nuni. Abin da ya rage shi ne a haɗa masanin da ya san tsuntsu da gwanin da ya iya zana shi, a kai sakamakon inda ake yanke hukuncin kisa ko bari.

Allon zane mai ɗauke da nau'in ungulun ƙasar nan, da sunansu da Hausa cikin boko da ajami, da bayanin hukuncin doka, ya fi amfani a ofishin sarkin pawa da rumfar shugaban kasuwa da teburin jami'in kwastam na kan iyaka. Jami'in da bai iya bambanta akun da aka haramta da wanda aka halatta ba, ba zai iya aiwatar da doka ba ko da yana da niyya. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tana nan tun 1985, an yi mata gyara a 2016 aka ƙara yawan tara, kuma a 2025 Majalisar Wakilai da ta Dattawa sun amince da sabon ƙuduri mai tsauraran hukunci. Matsalar ba ta taɓa zama rashin rubutacciyar doka ba. Sassan ungulu a fili ake baje su a kasuwanni da dama, kuma da wuya a ji an gurfanar da wani.

Darasin kan sarkin agwagwa shi ma yana da wurin zama a nan, da sharaɗi ɗaya. A Disambar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda goma, ciki har da dausayin Haɗeja da dajin Falgore. Irin waɗannan wurare suna buƙatar albashin masu gadi, da jiragen ruwa, da kuɗin yanke kachala. Gasar zane ta shekara-shekara da za a buga wanda ya yi nasara a tikitin shiga gandu, ko lasisin farauta, ko kan sarki na musamman, za ta iya kawo wani abu. Sharaɗin shi ne a rubuta a doka inda kowace naira za ta tafi, a kuma riƙa buga lissafin kowa ya gani. Idan ba haka ba, za a yi wa jama'a ungulu da kan zabo: a karɓi kuɗinsu da sunan tsuntsu, a kashe a taron bita da alawus.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati kuma, abin da ke hannunsu ya fi buroshi ƙarfi. Su ne masu sayen tsuntsun ado da laƙanin sa'a, su ne kuma masu sa hannu a takardar izini da jadawalin sakin ruwan madatsa. Matan Boston ba su zana ko tsuntsu ɗaya ba, sayen hula kawai suka daina.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma iyakar abin da fentin ruwa zai iya yi ke nan: ya sa yaron da bai taɓa ganin ungulu ba ya san kamanninta, ya sa babban da ya daina lura ya tuna cewa da tana nan. Daga nan sai aikin mai kasuwa da malami da alƙali da mai kasafin kuɗi. Indiya ta fara ganin alamun farfaɗowar wasu ungulayenta bayan hana maganin da ke kashe su, dinyar Hawai kuma ta dawo daga 30 zuwa dubbai, saboda haka ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Idan aka yi abin da ya kamata, ungulu za ta koma gidanta na tsamiya. Idan kuwa aka tsaya ga yabon zane, wata rana jikokinmu za su tsaya a gaban takarda mai kyau suna kallon ungulun kwata kamar yadda ake kallon tsuntsun Ustad Mansur a yau.